Dashen gashi: FUT ko FUE ga mai sanƙo irin nawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kaduna nake, shekaruna 38, sanƙo ya cinye mini kai tun daga goshi har tsakiya, sai ƙeya da gefe suka rage.

Wani likita ya ce a yi mini FUT, wato a yanko siririyar fata daga ƙeya a ciri saiwoyi da yawa, amma dogon tabo zai zauna, ni kuwa ƙasa-ƙasa nake aski. Wani ya ce FUE, a riƙa cirowa ɗaya-ɗaya, sai dai saiwar gashinmu a lanƙwashe take, tana iya yankewa wajen cirowa.

Babban tsorona, ko ƙaramin ciwo na ji tabona kumbura yake. Don Allah wanda aka taɓa yi wa, wanne ya zaɓa, kuma yaya ƙeyarsa ta warke?