Fayil ɗin ajiyar wasa ya ƙi karantuwa: wa ya taɓa shan wannan?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wasan oware na waya. Ramuka 12 ne, 'ya'ya 48, don haka bayit ɗaya (ɗan ma'aunin bayanai mai ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255) ya ishi kowane rami, shi ya sa na bar JSON, tsarin ajiye bayanai a rubuce, na koma rubuta bayit tsurarsa. Uwar garkena da Java take, wasan kuma da C#. Na aika wa ɗan wasa sulalla 100, wayarsa ta nuna 1,677,721,600. Ƙanina har ya fara murna.

Malam na Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanin naka bai yi arziki ba, jerin bayit ne ya juya. DataOutputStream na Java babban bayit yake fara rubutawa, BinaryReader na C# kuwa ƙaramin yake jira a farko. Ninka 100 sau 16,777,216 ka gani. Zaɓi jeri ɗaya, ka rubuta shi a takarda, kowane ɓangare ya bi.

Ni abin da ya ci ni a C daban ne. Na kwashe struct, wato ƙunshin bayanai, ɗungurungum na zuba a fayil: char ɗaya (bayit 1) da int ɗaya (bayit 4), ina lissafin bayit 5, ashe 8 ne, kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod zuwa yaren na'ura, ya cusa uku a tsakani. Kwana biyu ina zargin kwamfutata, baiwar Allah ba ruwanta.

'Yar Tek: Yaya Ɗan Aboabo, sa lambar siga a kan fayil tun yau. Aikina na ƙarshen shekara, na ƙara fili ɗaya kawai, sunan ɗan wasa, sai duk tsofaffin ajiya suka zama shara, ana gobe zan nuna wa malamai. Kuma kada ka kusanci BinaryFormatter, tsohon kayan C# na ajiye bayanai a bayit. Fayil ɗin mugu na iya sa shi gudanar da umarni, an ma cire shi a .NET 9, dandalin da C# ke gudana a kai, a 2024.

Baba Alabar: Duk kun manta dumsor. Wuta ta ɗauke ina tsakar rubutu, rabin fayil ya rage, tsohon kuma ya tafi. Yanzu a fayil na wucin gadi nake rubutawa, in liƙa CRC32 (lambar gane ko fayil ya lalace) a ƙarshe, sannan in sauya masa suna ya maye gurbin tsohon.

Ɗan Aboabo: Na gode Malam, sulalla sun koma 100. Lambar sigar fa, bayit ɗaya ya isa ko in ba ta biyu?