Wa ta taɓa jin kunyar girkinta saboda hotunan waya?

Amarya, Kano: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da na tare, girki ya koma mini abin fargaba. In na buɗe Instagram sai in ga waina fara tas, kowace daidai da 'yar uwarta, miya a kwanon tangaran an jera mata albasa. In na dubi tawa sai gwiwata ta yi sanyi, alhali a gidanmu da waƙa nake shiga kicin. Don Allah wa ta taɓa shiga wannan hali, kuma yaya ta fita?

Hajiya, Zariya: Wa alaikumus salam 'yata. Mu a zamaninmu ba waya, amma akwai idon dangin miji, kuma duk tafiyar ɗaya ce. Na daɗe in aka yi baƙi sai soyayyar shinkafa da salak, don kar a ce an auro 'yar ƙauye. Sai surukata, Allah Ya jiƙanta, ta zo jinya wurinmu, bakinta ya mutu, duk abin da aka kai mata sai ta kau da kai. Na wanke tsakin masara, na sa yakuwa da alayyahu da gyaɗa da daddawa, na yi mata fate irin na gidanmu. Fate dai kin san ba shi da kyan gani, babu yadda za ki zuba shi ya yi fasali. Ta shanye kwanon, gumi ya karyo mata, ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Daga nan baƙo ko daga ina yake, in na ga fate ne ya dace da shi, fate zan yi.

Mai waina, Bauci: Ƙanwata, wainar da kike gani fara ɗin nan a kaskon zamani mara kamu ake soya ta, kan gas. Tandar ƙasa kan gawayi wutarta ba ta zama ɗaya: gurbin tsakiya ya fi zafi, na gefe ya fi sanyi, dole wata ta yi ja wata ta yi fari. Kuma wannan ɓawon na gefe mai ƙauri-ƙauri shi masu saye suke cewa in zaɓo musu. Abin da za ki kula da shi ƙullu ne. Ki jiƙa shinkafar tuwo, ki dafa kaɗan ki haɗa, a niƙa, ki sa yis ki bar shi ya tashi sosai. In ya tashi, sauran aikin hannu ne.

Ɗan uwanku a Ingila: Ku yi haƙuri da namiji a cikin zancenku. Ni matsalata warin daddawa ce. Gidan haya muke da Turawa, na riƙa ɓoye ta cikin leda, miyar kukata kuma dunƙule kawai nake jefawa, sai ta fito salam. Daddawa kalwar ɗorawa ce da aka dafa ta yi laushi, aka cire ɓawo, aka rufe ta kwanaki har ta ruɓa yadda ake so. Warin nan shi ne ɗanɗanon, ba a raba su. Yanzu taga nake buɗewa in daka abata. Ranar da na yi tuwo da kuka, ranar nake barci mai daɗi.

Yaya, Maraɗi: Na yarda da ku, amma a yi hattara. Gudaji a tuwo ba gargajiya ba ce, rashin iya tuƙi ne. Iyayenmu da ba su san hoto ba, su ne suka fi kowa tsanani a kan talge: sai ya dahu ya yi ta ɓararraka kafin a zuba gari, a tuƙa da muciya har hannu ya gaji, a rufe ya sulala, sannan a kwashe da mara a yi malmala sumul. Kada amare su fake da "haka muke yi a gida" su ƙi koyo. Ado ne ba dole ba, amma dahuwa da tsafta dole ne.

Uwargida, Gusau: Gaskiya ne Yaya. Ni dai a gidana abin da yara ke faɗa a kai ƙanzon tukunya ne da ɗumamen safe da man shanu. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki hotonsu ba, kuma ban taɓa zubar da ragowarsu ba.

Amarya, Kano: Allah Ya saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi a raina. Anti ta Bauci, ƙulluna yakan yi tsami in ya kwana, me zan yi?

Mai waina, Bauci: Ki jiƙa kanwa, ki tace ruwan, ki ɗiga kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa har tsamin ya sauka. Kar ki cika, za ta sa wainar ta yi ja ta yi ɗaci. Kuma lokacin zafi ba sai ya kwana ba, ki niƙa da hantsi ki soya da yamma.