Neman shawara: bayanan da ƙungiyarmu ta tara sun tsufa, in share su ne ko in gyara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sakat tun watan jiya. Ni aka damƙa wa kula da taskar bayanai ta wata ƙaramar ƙungiyar masoya Age of Empires II, wasan dabarun yaƙin nan da Microsoft ya fitar a 1999. Shekara da shekaru mambobinmu suna rubuta abin da suka koya, tun daga yawan ma'aikatan da ake turawa kan tumaki da itace a mintunan farko, zuwa lokacin da ya dace a tsallaka daga wani zamani zuwa na gaba, da ƙarfi da raunin kowace daula. Wasu bayanan an gina su ne a kan The Conquerors, ƙarin da aka yi wa wasan a 2000, wasu a kan sigar HD ta 2013, kaɗan ne kawai aka rubuta bayan fitowar sabuwar sigar wasan, Definitive Edition, a watan Nuwamba na 2019, kuma duk suna cakuɗe wuri guda ba tare da wata alama da ta bambanta su ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani matashi da ya shigo mana kwanan nan. Ya karanta dogon bayanin da wani dattijonmu ya yi a kan daular Indiyawa, ya haddace shi tsaf, ya shiga wasa ya tara dutse 650 ya gina fadar yaƙi domin ya fitar da maharba a kan giwa kamar yadda aka koya masa, sai ya tarar babu su a wurin. Bai san cewa tun 2022 aka sauya wa daular suna zuwa Hindustanis, aka ba ta wani mayaƙi dabam, aka mayar da maharban giwa hannun sababbin dauloli uku ba. An ci shi da yaƙi yana tsaye yana lalube, kuma da ya dawo ya ba mu labari, ni ne na fi shi jin kunya.

Daga nan na yanke shawarar yin garambawul: in kwashe duk abin da aka rubuta kafin 2019, in sake tsara taskar daga tushe bisa matakin mai koyo, in nemi matasa su rubuta sababbin bayanai. Da na furta wannan niyya, dattawanmu biyu suka yi gum, na ukun kuma ya ce ranar da aka cire rubutunsa ita ce ranar da zai yi mana sallama. Ba na son in rasa su, ba na kuma son mu ci gaba da ɓatar da masu shigowa. Yaya kuke ganin ya kamata in ɓullo wa lamarin?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na fi shekara ashirin ina wannan wasa, saboda haka ka yi mini uzuri idan na karkata ɓangaren dattawan. Kafin ka taɓa komai, ka tuna wa ya riƙe wasan nan lokacin da ba shi da uba. A 2006 Microsoft ya rufe hanyar da ake haɗuwa a yi wasan ta MSN Gaming Zone, a 2009 kuma aka rufe Ensemble Studios, kamfanin da ya ƙirƙire shi. Masoyansa ne suka ci gaba da haɗuwa ta wasu hanyoyi irin su Voobly, su ne suka yi masa gyare-gyare domin ya yi aiki a sababbin kwamfutoci, kuma daga cikinsu ne aka sami waɗanda suka fitar da Forgotten Empires, wani ƙari mai sababbin dauloli, a 2012, aikin sa-kai da ya yi kyau har Microsoft ya karɓe shi ya fitar da shi a hukumance a 2013. Mutanen da kake shirin kwashe rubutunsu 'yan wannan zango ne, kuma abin da suka rubuta shi ne shaidar cewa sun yi zama a wurin. Wanda ya kwana uku yana gwada dabara ɗaya domin ya rubuta shafi biyu ba zai ji kalmar "garambawul" kamar yadda kai kake jin ta ba.

Sannan ba duk abin da ya tsufa ne ya lalace ba. Yadda ake janyo aladen daji, a harbe shi, a ruga da ma'aikacin zuwa gindin cibiyar gari inda sauran suke jira, yana nan yadda yake tun farko. Haka ma ƙa'idar nan ta kada cibiyar gari ta zauna ba ta fitar da ma'aikaci ko da daƙiƙa goma. Ka tace, kada ka zubar.

Amsa ta biyu

Ina girmama maganar Malam da ya gabace ni, amma ni ina ɓangaren matashin da aka ci da yaƙi, domin irin abin da ya same shi ya taɓa samu na a wata ƙungiyar, kuma ban sake komawa can ba. Ana yawan lissafa dattawan da za su yi fushi su tafi, domin su ana jin muryarsu, amma ba a lissafa baƙin da suka leƙo, suka ruɗe, suka juya ba tare da sun ce uffan ba. Wasan da ya fara da dauloli 13 yanzu ya haura 40, kuma kamfanin yana sauya farashin mayaƙa da ƙarfinsu a kai a kai, ta yadda lissafin da ya yi daidai bara zai iya zama kuskure bana. Bayanin da ke koya wa mutum ya riƙa komawa yana sabunta gonaki da hannu, alhali sabuwar sigar tana iya yin hakan da kanta, ɓata masa lokaci kawai yake yi. Idan taskar domin koyarwa aka kafa ta, to abin da mai koyo zai fara cin karo da shi dole ya zama abin da ke aiki a yau. Tarihi yana da wurinsa, amma ba a bakin ƙofa ba.

Amsa ta uku

A ganina maganganun biyu ba su yi karo da juna ba, kuma aikin bai kai girman yadda kake tsammani ba. Matsalar bayanin Indiyawa ba tsufansa ba ne, rashin alama ne. Da a ce an rubuta layi ɗaya a samansa cewa wannan bayani ya shafi sigar 2013 ne kuma an sauya daular a 2022, da matashin bai kashe dutsensa a banza ba. Saboda haka ka fara da wannan: kowane rubutu a sa masa sigar wasan da aka gwada shi a kai da shekarar da aka duba shi a ƙarshe. Bayan haka ka kasa su uku, waɗanda suke daidai har yanzu, waɗanda suke buƙatar ɗan gyara, da waɗanda suka zama tarihi. Kashi na uku a ware musu ɓangarensu da sunayen marubutansu a kai. Kada ka manta akwai mutanen da har yanzu tsohuwar sigar suke yi, wasu don ƙauna, wasu don kwamfutarsu ba za ta ɗauki sabuwar ba, kuma su waɗannan bayanan ba tarihi ba ne a wurinsu.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai shi ne, kafin ka motsa ko da harafi guda, ka kwafi taskar gaba ɗaya ka ajiye a wuri biyu. Na taɓa yin irin wannan gyara da dare ina gyangyaɗi, na wayi gari na tarar zane-zanen taswirar da wani mamba ya yi da hannunsa sun salwanta, shi kuma ya daɗe da barin ƙungiyar, babu inda za a sake samo su. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Amsa ta huɗu

Ni abin da ya ja hankalina a cikin bayaninka, ɗan'uwa, shi ne inda ka ce "na yanke shawarar". Ina kyautata zaton a nan fushin dattawan ya samo asali, ba a kan batun tsari ba. An ba ka riƙon taskar ne, ba a mallaka maka ita ba, kuma mutum yakan haƙura da sauyin da aka yi shawara da shi a kai ko da bai so ba, amma ya yi tsalle ya dire a kan ƙaramin sauyin da aka sanar da shi bayan an gama ƙullawa. Akwai darasi a abin da ya faru da RuneScape, wani wasan da ake yi ta intanet. A 2012 kamfanin Jagex ya sauya tsarin faɗa na wasan baki ɗaya, 'yan wasa da yawa suka juya masa baya, har ta kai a 2013 ya dawo da sigar wasan ta 2007 a ƙarƙashin sunan Old School RuneScape. Abin lura shi ne dokar da aka kafa daga nan: ba a shigar da wani babban sabon abu sai an jefa ƙuri'a, kuma sai kashi 75 cikin ɗari sun amince, adadin da aka rage zuwa 70 daga baya. Wasan bai daskare ba, an ci gaba da ƙara masa abubuwa, sai dai 'yan wasan suna jin da hannunsu a ciki.

Ban ce ku riƙa jefa ƙuri'a a kan kowane waƙafi ba, wannan zai kashe aikin. Amma ka je wurin dattijon da ya yi barazanar tafiya, kai da shi kaɗai, ka ba shi labarin matashin nan da fadar da ba ta fitar da giwa ba, sannan ka roƙe shi ya duba rubutunsa da kansa ya nuna inda zamani ya wuce. Idan ya ce bai san sabuwar sigar ba, ka haɗa shi da matashi guda, ɗaya ya kawo dabara, ɗaya ya kawo sababbin alƙaluma, a sa sunansu su biyu a kai. Zai yi wuya mutum ya fice daga aikin da aka ce sai da shi za a yi.

Mai tambaya ya dawo

Na gode ƙwarai, 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Maganar "na yanke shawarar" ta yi mini zafi, amma gaskiya ce, domin ban tuntuɓi kowa ba kafin in sanar. Jiya da dare na kwafi taskar na ajiye, yau da safe kuma na kira dattijon da ya rubuta bayanin Indiyawa. Ya yi dariya har da tari da ya ji labarin matashin, sannan ya ce in turo masa yaron su zauna a kan rubutun, bisa sharaɗin cewa asalin abin da ya rubuta zai kasance a ɓangaren tarihi ba tare da an taɓa masa ko kalma ɗaya ba, kuma na amince. Ɗaya daga cikin sauran dattawan bai ɗauki kirana ba tukuna.

Inda nake da sauran damuwa shi ne kashi na biyu, wato waɗanda suke buƙatar ɗan gyara, domin kusan rabinsu marubutan sun daɗe da ɓacewa, ba mu da hanyar samunsu. Shin ya halatta mu gyara rubutun mutum a bayan idonsa mu bar sunansa a kai, ko kuwa mu bar nasa yadda yake mu rubuta gyaran a ƙarƙashinsa da sunan wanda ya yi? Na fi karkata ga na biyun duk da cewa zai sa bayanan su yi tsawo, amma zan kai maganar gaban mambobi ranar Asabar kafin in taɓa ko ɗaya daga cikinsu.