Himma ko gadon gida: wa ke cin ribar albasa?

Ɗan Wurno:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manya. Kullum ana gaya muna mu tashi mu nema, zomo ba ya kamuwa daga zaune. To ni ɗan manomin albasa ne a fadamar Wurno, kuma ban san wanda ya fi babanmu tashi ba. Daga sallar asuba sai gona, da sanyin hunturun nan, ban ruwa da cirar ciyawa har la'asar. Amma taki bashi ne, man injin ban ruwa bashi ne. Da an ciro albasa da bazara, lokacin da kowa ya ciro tashi albasar, kasuwa ta cika, masu bashi na bakin zaure. Dole mu sayar ko nawa anka taya.

Mai sayen kuwa wani attajiri ne cikin birnin Sakkwato. Shi zuba ta cikin rudu, wato rumbun ajiyar albasa, shi manta da ita har damina ta yi nisa, buhu ya ninka, sannan a loda tirela zuwa Legas. Yanzu ɗansa ke riƙe da harkar, sa'ana ne, kuma ban ce rago ne ba. Abu guda ya fi mu: yana iya jira, mu ba mu iyawa. Wagga jira kuma ba guminsa ya saya mashi ita ba, a gida ya tarar. Ashe ba gado ke yin arziki ba?

Tsohon Dillali:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka faɗi rabin gaskiya. Rudu ba banki ba ne. Ruwa ya shiga, ko zafi ya yi yawa, sai ka buɗe ka tarar da ruɓa da tsiro, ka yi ta tsinta kana zubarwa. Ni da dako na fara a kasuwar Kara, babu sisin ubana. Ubangidana ya ga ba ni taɓa kuɗinsa, ya fara ba ni kaya in sayar in kawo, har na tsaya da ƙafata. Kuma je ka duba gidajen da anka raba gado: mata huɗu, 'ya'ya ashirin, kafin shekara ta zagayo an sayar da shago da fili. Dukiya ba ta zama hannun wanda bai san wahalarta ba. Arziki na Allah ne.

Malamar Mabera:
Baba, ayi mani haƙuri in sa baki. Dubi waɗanda ake buga misali da su a makaranta. Aliko Dangote ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu cikin dangi, kuma mahaifiyarsa jikar Alhassan Dantata ce, wanda kafin rasuwarsa a 1955 ake cewa babu attajirin da ya kai shi a Afirka ta Yamma. Abdussamad Rabi'u mai BUA, wanda simintinsa ke fitowa nan Kalambaina, ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u ne, babban ɗan kasuwar Kano. Ba na raina aikinsu, jikokin attajirai nawa ne ba wanda ya san sunansu? Amma ɗan babban gida in ya faɗi, akwai mai ɗaga shi ya sake gwadawa. Ɗan talaka faɗuwa guda ce, ruɓar buhu talatin ta isa ta cinye gonar gado. Ina da ɗalibai masu kai sosai da sunka bar karatu saboda kuɗin jarrabawa, suna kabu-kabu yanzu.

Ɗan Wurno:
Baba, Allah shi ƙara girma, amma wa ya kai ka gun ubangidan nan? Mu can ƙauye ko amanar gare mu, babu mai jari da ke ganinta.

Tsohon Dillali:
Kawuna ya kai ni, maƙwabcinsa ne a Gidan Haki. To na ji, wannan ma wani gadon ne. Amma kai da ke da gona ka fi ni mafari. Ku nawa ne 'yan fadamarku? In kowa ya ware buhu biyar bayan an biya mai taki, ku haɗu ku kafa rudu guda, kara ne da itace da ciyawa, a ɗaga shi daga ƙasa don iska. Sai dai ku zaɓi mai tsaro da kyau, kuma a rubuta na kowa gaban mai gari tun ranar zubawa, don rigimar ba ta tashi sai an zo rabon asarar ruɓa.