Karyar da ta yi kwana 529 a daji: ƙaunar masu ita ce ta dawo da ita ko yunwa?

Ɗan Gyallesu: Salam 'yan gida. Ga magana zan ajiye, wanda bai yarda ba ya fito mu yi ta. Ni na ce kare ba ya manta mai shi ko shekara nawa aka yi, kuma hujjata wata 'yar karya ce a Ostireliya mai suna Valerie. Masu ita mata da saurayinta sun je shan iska da ita wani tsibiri da ake kira Kangaroo a watan Nuwamba 2023, sun tafi kamun kifi sun bar ta a ɗan shingenta ta fice, mutane suka bi ta za su kama sai ta tsorata ta faɗa daji. Sun yi kwanaki suna nema babu labari suka koma gida. Ba a kama ta ba sai ranar 25 ga Afrilu 2025, kwana 529 kenan. Kuma irin karnukan nan ne masu dogon jiki da gajerun ƙafafu, rahotanni sun ce ko kilo 4 ba ta kai ba lokacin da ta ɓata. Da me aka jawo ta? Da warin rigar uwar ɗakinta.

Alhajin Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka faɗi rabi ka bar rabi. Ni ma na ga labarin nan, da aka kama ta aka ɗora a sikeli kilo 6.8 ta yi, wato ƙiba ma ta ƙara, jikinta sumul. Dabbar da ta shekara da rabi tana wahala a daji haka take dawowa? Ruwa ba ya tsami banza, akwai mai ba ta abinci a ɓoye, kuma ba ni kaɗai na faɗa ba har a can tsibirin akwai masu cewa haka. Sannan a tarkon da aka kama ta da shi ba riga kaɗai aka sa ba, har da gasasshiyar kaza. To kazar ta bi ko rigar?

Ɗan Gyallesu: Alhaji in kaza ce ai da tun ranar farko ta shiga tarkon an kama ta

Alhajin Sabon Gari: Shi kare cikinsa yake bi. Ka ba shi tuwo sati biyu ya zama naka. Ni na yi kiwon su a gidan gona ba labari aka ba ni ba, mai gadi da ke zuba masa abinci shi yake yi wa rawar wutsiya, ni da nake sayen garin in na zo haushi yake min.

Maman Biyu Hanwa: To Alhaji ai ka kawo hujjar da ta kayar da kai da kanka, shi kare ina ya san wa ya sayi gari? Wanda yake gani kullum, yake kiran sunansa, yake cire masa kaska a kunne shi ya sani

Alhajin Sabon Gari: Hajiya ki bar wannan, ga tambayar da nake so a amsa min. In har tana ƙaunar mutane haka, me ya sa duk wanda ya hango ta sai ta zura da gudu? An ce an sha ganinta da abin wuyanta ruwan hoda, da ta ga mutum ko mota sai ta ɓace. Masu aikin sa kai sun kashe sama da awa 1,000 sun yi tafiyar sama da kilomita 5,000 kafin su kama ta. Wanda yake kewar gida ai shi ke neman mutane, ba a yi ta farautarsa ba.

Baba Mafarauci: Assalamu alaikum. Yarona ne yake rubuta min ina faɗa masa. Alhaji wannan tambaya taka ita ce tambaya, amma amsarta ba abin da kake zato ba ne. Mu da muka tashi da karnuka muna fita farauta tun daga bayan Kufena har dazukan wajen Giwa mun san wannan abu sarai. Kare in ya rabu da ayari ya kwana biyu uku shi kaɗai a dawa wani abu yake shiga kansa, tsoro ne, ba ya ƙara zama karen da ka sani. Za ka hango shi can nesa ka kira sunansa da muryarka da ya sani tun yana kwikwiyo, ya tsaya ya ɗaga kunne ya dube ka sannan ya juya ya ruga. Yaran da ba su sani ba sai su bi shi da gudu suna ihu, to ka kore shi kenan, gobe sai ka same shi ya ƙara nisa. Abin da iyayenmu suka koya mana shi ne ka koma daidai inda kuka rabu, ka cire rigar da ka yi gumi a cikinta ka shimfiɗa a gindin itace, ka ajiye ruwa a ɗan kasko ka tafi abinka. Da asuba ka dawo a hankali, sau da yawa za ka tarar da shi kwance a kan rigar ya sa hanci a ciki. Na gani da idona, wani jan kare nawa haƙarƙarinsa duk a waje, ƙaya ta tsaga masa tafin ƙafa, kaska ta cika masa kunne, ban kira shi ba na zauna a ƙasa na juya masa gefe, ya daɗe yana kallona yana rawar jiki sannan ya taso yana jan ciki har ya sunsuni ƙafata, sai kuka. Ba abinci a hannuna ranar Alhaji, ko loma.

Ɗan Gyallesu: Allahu akbar. Baba wlh abin da Turawan nan suka yi kenan, rigar matar suka yayyaga suka jera ƙyallayen har bakin keji

Likitar Dabbobi Samaru: Baba Allah ya ƙara lafiya, abin da ka faɗa haka yake kuma masu aikin ceto dabbobi ma shawarar da suke bayarwa kenan, kar a bi kare da ya ɓata da gudu, kar a yi ta ƙwala masa kira. Shi kare da hanci yake gane duniya fiye da ido. Mu mutane ƙwayoyin jin wari da ke hancinmu wajen miliyan 6 ne, na kare yana iya kaiwa miliyan 300, saboda haka daga nesa kai wani tsayayyen abu ne kawai mai iya cutar da shi, sai warinka ya isa gare shi tukuna yake sanin kai ne. Ƙungiyar da ta kama ta, Kangala Wildlife Rescue, ba tarko suka ɗana kawai suka tafi ba. Babban keji suka yi suka zuba kayan wasanta da tufafin uwar ɗakinta da abinci, suka kafa kyamarori, suka bar ta tana shiga tana fita har ta saki jiki, sannan ranar da ta natsu a ciki suka rufe ƙofar daga nesa. Kuma an tabbatar ita ce da ɗan cif ɗin da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata.

Amma Alhaji maganar ƙiba ba zan ce ba ka da hujja ba gsky. Sai dai ka duba abu biyu, ta ɓata tana ƙarama ba ta gama girma ba, dole nauyi ya ƙaru. Na biyu tsibirin nan ba irin dajinmu ba ne, babu kura babu dila babu karnukan daji, ga mushen dabbobin da motoci ke bugewa a bakin titi, ga madatsun ruwa na gonaki. Abin tsoro a can macizai ne masu dafi da manyan gaggafa. Kuma irin nata a Jamus aka samar da su musamman don shiga rami su fito da dabba, gajerun ƙafafun nan na aiki ne, ƙaramin jiki kuma abinci kaɗan ke riƙe shi.

Alhajin Sabon Gari: Likita kin ga kin dawo hanyata. Mushe ta samu ta ci ta ƙoshi ta manta da kowa

Likitar Dabbobi Samaru: A'a Alhaji ban ce ta manta ba. Cin abinci daban mantuwa daban. Yadda ta rayu tambaya ɗaya ce, ko ta gane masu ita tambaya ce ta biyu, kai kana haɗa su wuri guda. Ko da a ce wani manomi yana ajiye mata abinci, to me ya sa ba ta zauna gidansa ta zama tasa ba kamar yadda ka ce sati biyu ya isa?

Maman Biyu Hanwa: Yauwa Likita!! Wannan ita ce

Malam na Ƙofar Doka: Ina biye da ku tun ɗazu. Ni abin da ya dame ni ba Ostireliya ba ne, mu nan ne. Yaro ya ga kare a lungu abin da zai fara nema dutse ne, babba yana kallo ba zai hana ba, wai ai kare ne. Alhali Allah da kansa ya ambaci karen As'habul Kahfi a Suratul Kahfi aya ta 18, yana shimfiɗe da zira'insa a bakin kogo, ya bi mutanensa ya kwanta inda suka kwanta. A Suratul Ma'ida aya ta 4 an halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Ga hadisi a Bukhari na mutumin da ya ga kare yana lallagen harshe saboda ƙishi, ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Eh an hana ajiye shi haka kawai in ba don farauta ko kiwo ko gona ba, wannan yana nan ban cire ba, amma hana ajiyewa bai zama izinin azabtarwa ba.

Alhajin Sabon Gari: Allah gafarta Malam ni ban ce a jefi kare ba, kuma ban taɓa barin nawa da yunwa ba. Abin da na ƙi shi ne a riƙa ba dabba zuciyar mutum. Turawa su kwana gado ɗaya da kare su kashe kuɗin da zai ciyar da unguwa wajen neman guda ɗaya, mu kuma mu zauna muna tafa musu

Ɗan Gyallesu: Alhaji 'yan sa kai ne fa suka yi aikin, ba wanda ya tilasta su. Kuma ka bar Turawa, je ka Japan. Wani kare Hachiko mai shi malamin jami'a ne ya rasu a 1925, karen ya ci gaba da zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya a Tokyo yana jiransa har ya mutu a 1935, yanzu haka mutum-mutuminsa na nan a bakin tashar. Shekara kusan goma, tuwon wa yake bi?

Alhajin Sabon Gari: Masu saye da sayarwa a tashar suna ba shi abinci, ka bincika

Ɗan Gyallesu: Suna ba shi daga baya, amma me ya fara kai shi wurin? Abinci babu a sauran unguwannin Tokyo ne?

Maman Biyu Hanwa: Ni dai ku tsaya, wannan magana ta taɓa ni ne saboda karen gonar maigidana da ke wajen Dakace ya ɓata tun lokacin girbin masara, ranar da aka kawo injin casa ƙarar ta firgita shi ya tsinke igiya. Yaran har yau in an zuba tuwo ya rage sai ƙaramin ya ce a ajiye masa. Masu aikin gonar sun ce sun hango mai kama da shi wajen bakin Galma, sun kira shi ya gudu, shi ne maigidan ya ce ba shi ba ne tunda bai amsa ba, a haƙura. Yanzu da na ji bayanin Baba jikina ya yi sanyi wlh, ashe yana iya zama shi ne

Baba Mafarauci: 'Yata yana iya zama shi. Wa ya fi sabawa da shi a gidan? Rigar wannan za a kai, wadda aka kwana da ita ba a wanke ba. A kai inda aka gan shi na ƙarshe da yamma, a sa ruwa da ɗan abinci, mutum ɗaya ya riƙa zuwa ba taro ba, kuma a hana yara binsa. In ya fito kar a miƙe tsaye a kansa, a zauna.

Likitar Dabbobi Samaru: Maman Biyu ƙari a kan na Baba, don Allah in an same shi kar yara su rungume shi ranar. Ostireliya ba su da ciwon haukan kare irin namu, mu muna da shi, kuma ba ku san da me ya haɗu a daji ba. A ɗaure shi gefe a kawo shi asibitin dabbobi na ABU nan Samaru a duba shi a yi masa rigakafi da maganin kaska da tsutsar ciki. In kuma kun ga yana dalalar da miyau ko yana cizon duk abin da ya gani ko tafiyarsa ta canja, kar kowa ya matsa. Wanda ya ciza ko ya yaƙusa a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti a ranar, ba a jira, domin in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Alhajin Sabon Gari: Ni har yanzu ina kan bakana a maganar waccan ta Ostireliya, wani ya ciyar da ita. Amma Hajiya ina da babban keji na waya a gidan gona da ba na amfani da shi, in maigidan yana so ya turo yaro da mota ya ɗauka, in karen ya saba da wurin rigar sai a sa ta a ciki.

Maman Biyu Hanwa: Allah ya saka da alheri Alhaji, zan faɗa masa in ya dawo daga masallaci. Baba rigar babban yaron za mu kai, shi ke ba shi abinci tun yana kwikwiyo