Mu shida ne, wasu tarihi wasu labari, da wane littafi za mu fara?

Ɗan Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Mu shida ne nan Bauchi muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, to surutu ya yi yawa sai muka ce bari mu maida zaman na karatu, littafi ɗaya duk wata. Matsalar ita ce uku tarihi suke so, jihadi da sarauta da zuwan Turawa, biyu kuma sun ce in ba labari ba ne su barci za su yi, ni ina tsakiya. Wani ya kawo sunayen littattafai sun fi talatin, wallahi gani kawai ya kashe mana jiki. Don Allah masu sani ku tsara mana na wata shida, kuma galibi ya zama da Hausa don ba kowa ne Turancinsa ya nuna ba.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam ɗana. Ai ba sai kun rabu gida biyu ba, ku ɗauko labarin da tarihi ke cikinsa. Ku fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, ɗan siriri ne, mako biyu ya ishe ku, kuma na gida ne tunda malamin a Rauta yake zaune kusa da Bauchi yana ba almajiransa labarin rayuwarsa. Masu son labari za su bi yaron da aka sace da uwarsa da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, masu tarihi kuma ga harin bayi ga fataucin Sahara har ƙasar Masar. Yana cikin littattafai biyar ɗin da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Jiki Magayi da Idon Matambayi. Wata na biyu ku ɗauki waƙoƙin Sa'adu Zungur, musamman Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, amma kar kowa ya karanta a ɗaki shi kaɗai, a rera ta a zaman, baiti baiti a tsaya a warware. Irin zaman nan naku ma ba sabo ba ne a garin nan, shi Sa'adu da Balewa da Malam Aminu Kano sun yi zauren tattaunawa a Bauchi a shekarun 1940, muhawara ta yi zafi har hukuma ta rufe shi. Ku dai naku kar ya kai haka.

Na Bajoga:
Baba hedimasta Allah ya ƙara girma amma kun yi son kai fa, komai Bauchi Bauchi, mu Gombe ba mu da tarihi ne? Ku sa Ganɗoki na Bello Kagara a wata na uku, farkonsa yaƙi da Turawa ne wajen Kontagora kafin ya zarce duniyar aljanu (nan masu tarihinku za su fara tsaki, ku ba su haƙuri), sai ku haɗa shi da labarin Bormi, nan kusa da mu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Yulin 1903 yana hanyar hijira gabas, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan. Ku yi karo-karo ku cika mota ku zo ku ga wurin da idonku, kabarin yana nan, daga nan ku tambayi dattawa yadda hedikwatar masarautar Gombe da Buba Yero ya kafa ta taso daga Gombe Abba zuwa Nafaɗa sannan Gomben yanzu a 1919.

Maman Hanifa:
Ni abin da na lura duk maza kuka lissafa. Ina Nana Asma'u? Ta rubuta waƙa da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa 'yan taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata, ta rasu 1864. Sannan akwai Baba ta Karo wadda Mary Smith ta rubuta labarinta ya fito 1954, tsohuwa ce kawai ba 'yar sarauta ba take faɗin aure da goyo da ƙawance da yadda ake tsoron mahara a ƙasar Kano da Zazzau, abin da littafin sarakuna ba zai taɓa gaya maka ba. Da Turanci ya fi samuwa, sai mai Turancin cikinku ya riƙa fassarawa.

Abban Jahun:
Na san wani zai ce ku sa Infaƙul Maisuri, tarihin jihadi na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kar ku fara da shi, sunayen wurare da yaƙe-yaƙe za su kori mutum biyun nan naku tun wata na farko. Ku bar shi na ƙarshe. Kuma ku tabbata kun riƙe kwafi a hannu kafin ku sa littafi a jeri, ko guda biyu ne a riƙa zagayawa, don PDF ɗin da ake turawa a WhatsApp rabi shafuka sun ɓace rabi kuma hoto ne dishi-dishi.

Ɗan Wunti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun tsaya a kan Shaihu Umar, Sa'adu, Ganɗoki da Bormi, Baba ta Karo, Nana Asma'u, sai Infaƙu in muna da sauran numfashi. Na Bajoga, daga Gombe zuwa wajenku awa nawa ne a mota, kuma hanyar tana biyuwa da damina?