Iska ce ke kora ruwa, ko ruwa ke kora iska?

Mai Kwale-kwale:
Assalamu alaikum. Ga tambaya a baiti. Amsa-amon "wa" ne, kada mai amsawa ya sauka daga kansa.

Tekun Fasifik, kan layin ikwaita,
Iskar gabas kullum tana busawa.

Tana kora ruwan ɗumi yamma,
Can Indunusiya yake taruwa.

Gefen Peru kuwa sai mai sanyi,
Daga can ƙasa yake tasowa.

To iskar ce uwar ɗakin ruwan nan,
Ko shi ne ke sa ta kaɗawa?

Gwaggo Mai Alli:
Wa alaikumus salam, ɗana.

Ba bawa ba ubangida cikinsu,
Kowa ɗan'uwansa yake zugawa.

Ruwan yamma in ya ɗau zafi,
Iskar kansa sama take hayewa.

Ta zub da ruwanta kan Borneo,
Ta nufi gabas tana bushewa.

Ta sauko kan sanyin Peru,
Ta bi fuskar teku tana komawa.

Ratar zafin gabas da yamma,
Ita ke sa iska ƙarfafawa.

Iskar kuma in ta samu ƙarfi,
Ratar nan take faɗaɗawa.

Bjerknes ne ya kwance ƙullin,
A 1969 ya yi rubutawa.

Bjerknes ɗin, masanin yanayi, shi ya sa wa zagayen iskar nan sunan Gilbert Walker, Baturen Ingila da ya riƙe ma'aikatar yanayi ta Indiya, wanda tun shekarun 1920 ya lura nauyin iska na lilo tsakanin Fasifik da tekun Indiya. Sunan ya ƙi shiga baiti, sai na ajiye shi a nan.

Autan Baiti:

Gwaggo, in zuga juna suke yi,
Me ke sa su wataran saɓawa?

A 1997 iska ta kwanta,
Kamar wadda aka yi wa tsawa.

Tudun ruwan da ta tara yamma,
Rabin mita yake kusan kaiwa,

Ya gangaro gabas ta ƙarƙashi,
Wata biyu ko uku yana ƙetarewa.

Ya danne ruwan sanyin Peru,
Ƙananan kifi sai watsewa.

Hamadar Peru ta sha ambaliya,
Dajin Indunusiya na ƙonewa.

El Nino, wato "Ɗan", masunta suka kira shi,
Don dab da Kirsimeti yake zuwa.

Malam Dogon Nazari:
Auta, ka yi ƙoƙari, amma ɗan ka gani. Bari in nuna maka uban.

Naka baƙon shekara biyu ne,
Ko bakwai, ya leƙo ya yi wucewa.

Akwai wani juyi ƙarƙashinsa,
Mai tafiyar hawainiya, ba gaggawa.

Shekara ashirin ko talatin,
Gefe guda yake jinginawa.

Daga 1976 gabas ta ɗumama,
Iskar gabas ta soma gazawa.

Cikin wannan zangon aka sha manya,
Na 1982 ma bai mantuwa.

Bayan 1998 sai ya juya,
Iska ta miƙe ba sassautawa.

Ta tura ruwa gaɓar Filifin,
Tashinsa a can har ban tsoro da yawa,

Kusan ninki uku na sauran duniya,
Haka tauraron ɗan'adam ke aunawa.

Ta cusa zafi cikin zurfin teku,
Ɗumamar sama ta ɗan yi lafawa.

Da ta saki, sai ga 2015,
Zafin da ta ɓoye yana fitowa.

Mai Kwale-kwale:
Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ni abin da ke ɗaure min kai:

Duk ruwan da ake turawa yamma,
Ta wace hanya yake dawowa?

Malam Dogon Nazari:

Akwai kogi cikin cikin teku,
Wanda ido bai iya hangowa.

Masu bincike sun saki ƙugiyoyi,
Doguwar igiya tana nutsewa.

Ruwan sama yamma yake tafiya,
Igiyar kuwa gabas take kuɗawa.

Cromwell, masanin teku, ya bi sawu a 1952,
Ga igiyar ruwa tana kwararowa.

Kamar mita ɗari ƙasa da fuska,
Ruwan sanyi take kai wa gabas kyauta kuwa.

In iska ta yi ƙarfi, tudu ya tashi,
Nauyinsa ke sa ta zaburowa.

In tudu ya baje, sai ta raunana,
A 1982 har ta yi ɓacewa.

Autan Baiti:
Malam, a gafarce ni, baitin "kyauta kuwa" ya yi ɗingishi. Kuma ina da ja:

Na'urorin da aka girke kan ikwaita,
Kusan saba'in, suna shawagi a ruwa,

Sai 1994 aka gama kafa su,
Zango nawa suka ga yana juyawa?

Masana kansu na ta gardama,
Ko uban nan da kansa yake tsayawa,

Ko ko sawun 'ya'yan ne ya taru,
Muke masa kallon mai haihuwa.

Gwaggo Mai Alli:
Yaro, ka taɓo inda ke yi wa Malam ƙaiƙayi. Malam, ga fili, amma "wa" ta gaji. Amsarka ta zo da "na".